Yadda Ake Gina Ƙaramin Dam Na Noman Rani, Da Yadda Ake Tsare Shi Daga Ɓallewa

Tun bayan da dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024, tambayoyin da manoma ke yi mini sun kasu biyu. Masu son tare ruwa a gonakinsu, daga Kumo, Deba da Billiri har Alkaleri da Dass, suna tambayar ta ina ake farawa, kuma me aikin zai ci. Waɗanda suka riga suka tare kuwa hankalinsu ne ya tashi, suna son sanin ko nasu lafiya yake. Mu a Gombe ba labari muka ji ba, dam ɗin Cham ya ɓalle a 1998, na Bagauda a Kano kuma tun 1988. Idan na gwamnati da injiniyoyi suka zana za su iya tafiya, to na mutum ɗaya da katafila ta tura cikin mako biyu fa?

Abin da zan yi bayani a kai shi ne dam na ƙasa wanda tsayin ganuwarsa bai wuce mita 5 ba. Wanda ya haura haka aikin injiniya ne daga farko har ƙarshe. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya: ruwan da zai zo ya wuce ta gonarka ya ninka wanda za ka iya tarewa sau da yawa. Gina dam rabinsa tare ruwa ne, rabinsa ba ruwa hanya.

1. Fara da mutanen da ke ƙasa da kai

Kafin ka kira mai katafila, sa takalminka ka bi rafin da ƙafa zuwa gangare, kilomita 2 ko 3. Duba abin da ke kan hanyar ruwan: gidaje, rugar Fulani, makarantar allo, kwalbati, mashayar dabbobi, wurin da mata ke wanki. Ka tambayi kanka, in ganuwar nan ta tafi da ƙarfe biyun dare, wa ruwan zai fara tararwa a kwance?

Hattara: idan akwai gidan kwana ko da ɗaya ne a cikin kwarin da ruwan zai bi, canza wuri. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Daga nan sai zama da mai unguwa da dagaci, da ardo idan akwai burtali ko mashaya kusa, da masu gonakin da ruwan zai kwanta a kansu. Mutane kan manta cewa ba wurin ganuwa kaɗai ake buƙata ba, har filin da tafkin zai cinye idan ya cika maƙil. A rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu. Sannan ka je ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha ka tambayi izinin da ake nema. Hukumar raya kogunan Upper Benue mai hedikwata a Yola ita ke kula da ɓangaren Gombe, ta Hadejia-Jama'are mai hedikwata a Kano kuma tana da arewacin Bauchi. Ko da dam ɗinka ƙarami ne, nemi injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya zo ya ga wurin sau biyu ko uku. Kuɗin zuwansa bai kai na man da katafila ke sha a kwana biyu ba.

2. Zaɓen wuri

Wurin da ake nema shi ne inda kwari ya tsuke kamar wuyan tulu, bayansa kuma ya buɗe ya yi shimfiɗa. Ganuwa gajeriya, ruwa mai yawa. Sannan a ɗaya daga cikin gefunan biyu a sami ƙasa mai tauri ko dutse inda za a fitar da rarar ruwa ba tare da ya taɓa ganuwa ba. Wurin da ba shi da wannan, komai kyansa, bar shi.

Haƙa ramukan gwaji masu zurfin mita 1 da rabi zuwa 2 a kan layin da ganuwar za ta bi, kowane taku 20 rami ɗaya, da wasu uku ko huɗu a cikin inda tafkin zai zauna. Kana neman yumɓu ko dutse marar tsagu. Zuba ruwa a ramukan da yamma, ka sake cikawa washegari, ka ga yadda yake sauka. Ramin da ya shanye ruwansa cikin 'yan sa'o'i ya riga ya ba ka amsa.

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Wajen Dukku da Kwami, inda kowa ya san wahalar zurfin rijiya, ƙasar na da rairayi mai zurfi, sai ka tara ruwa a Satumba ka neme shi a Disamba ka rasa. Wajen Dass, Toro da Tafawa Balewa dutse na kusa, tushe mai kyau ne, amma a duba tsagu a jikinsa.

Hattara: kada ka datse kwazazzabon da har yanzu yake cin ƙasa, irin waɗanda suka addabi garin Gombe da kewaye. Gefensa ba ya riƙe ganuwa, kuma yashin da yake kwasowa zai cike tafkin cikin damina kaɗan.

3. Lissafin ruwa

Nan ne yawancin masu dam ke yaudarar kansu, don haka ɗauko biro.

Ruwan da tafkin zai ɗauka: auna faɗin ruwan a bakin ganuwa idan ya cika, da nisan da zai koma baya, da zurfinsa a wuri mafi zurfi. Ninka ukun, ka raba da 6. Misali faɗi mita 90, komawa baya mita 300, zurfi mita 3: ya ba ka kubik mita 13,500. Kowane kubik mita lita 1,000 ne, wato durom 5. A ido ruwa ne mai yawa. Amma daga Nuwamba zuwa Afrilu iskar hunturu da ranar bazara za su ɗauke fiye da mita ɗaya daga samansa, ƙasa ta sha nata, sannan dole ka bar wani abu a gindi don kada tushen ganuwa ya bushe ya tsage. Abin da zai isa lambunka bai fi rabi ba, a ce kubik 7,000. Hekta ɗaya ta tumatir ko albasa da ake ba ruwa ta kwali-kwali, wato ana kwarara shi a ƙasa, tana iya shan kubik 8,000 zuwa 10,000 kafin a kwashe. Ka ga dam mai ganuwar mita 4 da kusan mita 100 a tsawo bai cika ɗaukar hekta ɗaya ba. Wanda ya ci bashi da niyyar noman hekta biyar a kansa ya shiga uku tun kafin ya dasa.

Ruwan da zai shigo: ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 kubik mita 10 ne. Garin Bauchi na samun kimanin milimita 1,000 a shekara, Gombe ƙasa da haka kaɗan, wajen Azare kuma ya fi ƙaranci. A ɗauki milimita 900, a ce kashi 10 cikin 100 ne kawai ke gangarowa rafi. Idan filin da ke zubo maka ruwa hekta 100 ne, kubik 90,000 ke nan a damina ɗaya. Kai kuma 13,500 za ka riƙe. Sauran fiye da 76,000 ɗin dole su wuce, kuma ba a hankali suke zuwa ba, mafi yawansu cikin 'yan ruwan sama masu ƙarfi na Yuli zuwa Satumba suke saukowa.

Don sanin girman filin, bi tudun da ke raba ruwa da ƙafa, ko ka sa safiyo ko wani yaro da ya iya Google Earth ya zagaye maka shi. Ka kuma tambayi dattawan wurin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi kowace ambaliya. Sukan nuna maka a jikin bishiya.

4. Gwajin ƙasar gini

Ba kowace ƙasa ke yin ganuwa ba. Wadda ake so ita ce mai yumɓu kashi 20 zuwa 30 cikin 100, sauran yashi da 'yar tsakuwa, irin jar ƙasar da magina ke so don tubali. Gwaji uku ne, ba su cin ko sisi.

Jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu kamar igiya, kaurin fensir. Idan ta yi tsawon yatsa ba ta karye ba, akwai yumɓu. Idan ta wargaje, yashi ya yi yawa.

Zuba ƙasa zuwa rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye kwana ɗaya. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka ta biyo, yumɓu ya zauna a sama daga ƙarshe. Auna kaurin kowanne.

Na uku shi ne wanda ake tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci. Ɗauki busasshen ɗan curi kamar ƙwayar gyaɗa, saka a kofin gilas mai ruwan sama, kada ka motsa. Idan cikin minti goma ka ga wani gajimare fari-fari ya kewaye shi ruwan ya gurɓace, wannan ƙasar narkewa take yi a ruwa. Ita ce ke yin rami a cikin ganuwa tun cikar farko. Kada ta shiga aikinka.

Hattara da baƙar ƙasar nan mai danƙo da ke da yawa wajen Deba, Dadin Kowa da hanyar Numan, wadda ke darewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Tana riƙe ruwa sosai, shi ya sa ake ruɗuwa da ita. Amma in ta bushe tsagunta na shiga zurfi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In babu makawa, a sa ta a can tsakiyar ganuwa inda ba za ta bushe ba, a lulluɓe ta da jar ƙasa mai kaurin aƙalla mita ɗaya. Ƙasar suri da ƙasar saman gona mai saiwoyi da taki kuwa ba su da wuri a nan ko kaɗan.

5. Lokaci, kayan aiki da kuɗi

A fara bayan kaka, Nuwamba ko Disamba, lokacin da ƙasa ke da sauran danshi. A gama komai kafin ƙarshen Afrilu. Dam ɗin da ruwan farko ya tarar rabi-da-rabi asara ce.

Kayan aiki: katafila ko eskabeta, tifa ɗaya ko biyu, rola, tankar ruwa, tiyon ruwa irin wanda magina ke daidaita gini da shi, turaku, igiya, tef na awo, da leburori masu shebur, diga da madaɓi.

Farashin haya da na dizal na canzawa kusan kowane wata, don haka lissafa da yawan aiki, sannan ka tambayi farashin ranar. Ganuwa mai tsayin mita 4, tsawon mita 100, faɗin sama mita 3, za ta ci ƙasa kimanin kubik 2,400 bayan an daɓe. Idan tifa na ɗaukar kubik 10, sawu 240 ke nan a takarda, amma da yake ƙasa na raguwa in an danne ta, ga kuma cikon tushe, ka shirya wa sawu 300 ko fiye. Ka tambayi mai injin abu huɗu tun kafin ku yi ciniki: wa zai biya babbar motar da za ta kawo injin ta mayar, wa zai sayi dizal, sa'a nawa ce ranar aiki, kuma in injin ya lalace wa ke da asarar ranar. Ka ware kuɗin dutse, siminti da magina na mafitar rarar ruwa daban, ka ɗaure su, kada ka taɓa. Sau da yawa na ga kuɗi sun ƙare a kan ganuwa, an ce mafita sai baɗi. Ka kuma ajiye kashi ɗaya cikin biyar na jimillar don abin da ba a zata ba.

Hattara: wanda ya ce zai yi maka da katafila kaɗai, babu rola babu tanka, a rabin kuɗi, tulin ƙasa zai tara maka. Araha ba ta ado.

6. Share wuri da haƙa tushe

Kafa turaku ka fitar da faɗin gindin ganuwa. Ɓangaren ruwa, kowace mita 1 ta tsayi tana buƙatar mita 3 na shimfiɗa. Ɓangaren baya mita 2 da rabi. Ga ganuwar mita 4: 12 a gaba, 3 a sama, 10 a baya, mita 25 ke nan a wuri mafi zurfi. Mutane kan zaro ido in sun ji, amma faɗin nan shi ne ƙarfinta.

Kankare ƙasar sama duka, a tumɓuke kututture da saiwoyi, a tone duk wani suri har gindinsa a cike ramin da yumɓu. Tara ƙasar saman a gefe, za ta yi amfani daga baya.

Sai a haƙa rami a tsakiya, daga wannan gefen kwari zuwa wancan, faɗin mita 2 da rabi zuwa 3 yadda rola za ta shiga, a nutsa har a wuce yashi a shiga yumɓu ko dutse da aƙalla rabin mita. Ramin ya hau cikin gefunan kwarin har tsayin da ruwa zai kai. A cike shi da mafi kyawun yumɓun da kake da shi, hawa-hawa, ana daɓewa. Wannan ne ke hana ruwa bi ta ƙarƙashi. Ba a ganinsa in an gama, shi ya sa ɗan kwangila marar tsoron Allah yake cinye shi. Ranar da ake wannan aikin ka tsaya a wurin da kanka.

7. Ta ina za ka ɗebi ruwa

Shawarata ga ƙaramin dam: kada ka binne bututu a cikin ganuwa. Ruwa na son bin jikin bututu, kuma daɓe ƙasa a kewayensa sai ƙwararre. Ɗora bututun roba mai inci 3 ko 4 ta saman ganuwa, bakinsa ɗaya cikin ruwa da rariya, ɗayan a baya ƙasa da matakin ruwan da famfo. In ka cika shi da ruwa ka buɗe, da kansa zai riƙa zuƙowa ba mai ba inji. Ko ka yi amfani da injin ban-ruwa. Wanda ya dage sai na ƙarƙashi, injiniya ya zana masa, a zuba kankare a kewaye, a shimfiɗa shi kan ƙasar asali.

8. Ɗaga ganuwa

Ɗebi ƙasa daga cikin inda tafkin zai zauna, ka ƙara zurfi ke nan, amma ka nisanci gindin ganuwa da mita 15 zuwa 20, kuma kada a huda yumɓun ƙasa a kai ga yashi.

Shimfiɗa ƙasa kaurin taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, daga wannan gefe zuwa wancan. Yayyafa ruwa. Danshin da ake so shi ne in ka dunƙula a hannu ta riƙe siffarta, ba ta jiƙa tafinka ba, in ka karya ta rabu biyu ba ta wargaje ba. Rola ta bi sau 6 zuwa 8. Kafin a zuba hawa na gaba, a ɗan karce saman don su kama juna. In babu rola, tifa cike da ƙasa ta yi ta kai-kawo taya kusa da taya. Katafila ba ta daɓe ƙasa yadda ake zato, don sarƙarta an yi ta ne ta baza nauyi. Gefuna da lungunan da inji ba ya kaiwa, leburori su bi da madaɓi, kamar daɓen ɗaki.

Mafi yumɓu a tsakiya da ɓangaren ruwa, mai yashi-yashi a baya. A gindin baya a shimfiɗa yashi, sannan tsakuwa, sannan duwatsu, don ruwan da ya tsattsafo ya fita ba tare da ya ja ƙasa ba. Ƙara kashi 10 cikin 100 a kan tsayin, mafi yawa a tsakiya, saboda ganuwa na zama bayan damina ɗaya ko biyu. In an gama, bi saman da tiyon ruwa taku goma-goma. Wuri mafi ƙasa a saman ganuwa shi ne ainihin tsayin dam ɗinka.

9. Mafitar rarar ruwa

Injiniyoyi na ce mata sifilwe. A haƙa ta a ƙasar asali a gefen kwari, ba a kan ƙasar da aka tara ba. Bakinta ya zama aƙalla mita 1 ƙasa da saman ganuwa, a shimfiɗe daidai daga gefe zuwa gefe. Rabin mitar farko ta ambaliya ce, ta biyun ta igiyar ruwa da iska ke kaɗawa.

Faɗinta fa? Kowace mita 1 ta faɗi, in ruwa na bi da zurfin rabin mita, tana fitar da kimanin kubik 0.6 a daƙiƙa. Koma ga filinmu na hekta 100. A ce an yi ruwa mai ƙarfin milimita 80 a sa'a, ƙasa ta riga ta ƙoshi da marka, kashi 40 cikin 100 na gangarowa: kusan kubik 9 a daƙiƙa, wato durom 45 kafin ka ƙifta ido. Mafitar da za ta ɗauki wannan mita 15 ce. Yawancin waɗanda nake gani a gonaki mita 3 ne ko 4, wasu ma kwalbati guda aka sa. Kwalbati kuwa reshe ɗaya da karan dawa sun isa su toshe shi. Wannan lissafin shi ne wanda ya kamata injiniya ya yi maka da alƙaluman wurinka.

A kafa bakin da dutse da siminti ko kankare don kada ruwa ya ci shi. Hanyar ta gangara a hankali, ta zagaya ta mayar da ruwan cikin rafi nesa da gindin ganuwa, a jibge manyan duwatsu inda zai faɗa. Tsakaninta da ganuwa a yi ɗan bango mai dutse.

Hattara: kada ka taɓa ɗora komai a bakin mafita. Ba buhun yashi, ba katako, ba ragar kama kifi.

Akwai wani dattijo a kudancin Gombe da na taya awo, dam ɗinsa ya yi damina uku lafiya lau. Wata shekara cikin Satumba na biya, na tarar an jera buhunan yashi hawa biyu a bakin mafitar, ruwa ya kwanta har yana lasar ciyawar saman ganuwa. Na ce, "Baba Alhaji, waɗannan buhunan fa?" Ya ce, "Ɗana, damina ta ƙare, bara ruwa ya yanke mini albasa na tsaka da ƙwai. Kamu ɗaya kawai na ƙara." Na roƙe shi ya cire, ya ce in Allah ya kai mu Juma'a. Na bi saman ganuwar, na ga inda shanu ke haurawa ya lotsa kusan taƙi biyu. Buhu ya ci daga ƙasa, shanu sun ci daga sama, mitar nan guda saura kaɗan. Daren Laraba aka yi ruwa. Da na je da safe, tsakiyar ganuwar ta buɗe yadda tifa za ta wuce, ga kifi na tsalle cikin taɓo, shinkafar maƙwabcinsa da ta fara nuna ta kwanta ƙarƙashin yashi har gwiwa. Allah ya tsare babu rai, don babu gida a kwarin. Dattijon na zaune kan dutse da carbi, bai iya ce mini komai ba sai, "Ka faɗa." Har yau in na tuna sai in ji da ma na cire buhunan da hannuna a ranar.

Ƙasa ba ta jure ruwa ya bi ta kanta. Da zarar ya haura, baya yake fara ci, ya yi ta cin ta zuwa gaba, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci.

10. Ciyawa, dutse da shinge

Mayar da ƙasar saman da ka tara a kan bayan ganuwa, dasa kirikiri da ruwan farko. Jema na da kyau a gefen mafita da bakin rafukan da ke shigowa, tana tace laka. Ɓangaren ruwa a jera duwatsu inda igiyar ruwa ke duka. Bishiya kuwa, ko dogon yaro ko mangwaro, kada ta tsiro a kan ganuwa ko kusa da gindinta. Saiwa in ta mutu ta ruɓe, hanyar ruwa ta bari.

Kewaye ganuwa da mafita da waya ko ƙaya. Yi wa dabbobi mashaya a can baya inda ruwa ba zurfi, ka gaya wa makiyaya da bakinka, cikin mutunci. Yara su ne babban abin tsoro: gefen dam na da santsi, ramukan da aka ɗebi ƙasa kuma ba a ganinsu in ruwa ya rufe. A sanar a masallaci da makaranta cewa ba wurin wanka ba ne. Ruwan kwance na kawo sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani.

11. Cikar farko

Damina ta farko ita ce jarrabawa. In da hali, ruwan ya hau a hankali, kamar taƙi ɗaya a rana, ka riƙa rage shi da bututu. Kafa sanda mai alamun santimita a cikin ruwan, ka rubuta matakinsa kullum a littafi. Safe da yamma ka zagaya gindin baya da ƙafa.

12. Dubawa, da abin yi in ka ga alama

A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, share mafita, sare duk tsiron bishiya, cike tsagu da ramukan gafiya da guza da jiƙaƙƙen yumɓu, kashe gara, sake auna saman ganuwa da tiyo ka cike inda ya lotsa. Saurari hasashen damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, a rediyo. Cikin damina, duk bayan ruwa mai ƙarfi ka je.

Ɗan danshi a gindin baya mai fitar da ruwa garau, wanda ba ya ƙaruwa, ba abin tashin hankali ba ne, amma ka sa masa ido. Tara shi a kofin gilas ka ɗaga a rana. In ka ga ya yi launin kunu, ƙasar cikin ganuwa ce ke fita. Sauran alamun haɗari: tsattsafo da ke ƙaruwa daga safe zuwa yamma, ruwa na ɓuɓɓugowa da yashi a bayan ganuwa, tsagar da ta ratsa ganuwa daga gaba zuwa baya, wani ɓangare ya zame ko ya lotsa, ruwan tafki na juyawa a wuri ɗaya kusa da ganuwa, ko ruwa ya rage ƙasa da kamu ɗaya ya kai sama alhali ana kan ruwa.

In ka ga ɗaya daga cikinsu, mutane ne farko. Kira mai unguwa da duk wanda ke gangare su hau tudu da dabbobinsu, a yi shela da lasifikar masallaci, a tsayar da masu wucewa ta kwalbati, a sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Lambobin nan su kasance a wayarka da ta mai gadinka tun kafin damina. Sannan a rage ruwa: buɗe bututu, a kawo duk injin ban-ruwan da ke unguwar, a kwashe abin da ya tare mafita, in ta kama a faɗaɗa ta ta ɓangaren tudu, nesa da ganuwa. Inda ruwa mai laka ke fita kada a cusa masa yumɓu ko tsumma, zai nemi wata hanya ne. A zuba yashi a kai, sannan tsakuwa, sannan dutse, ruwa ya fita ƙasa ta tsaya. Kada a yanka ganuwa da sunan rage ruwa, kuma kada kowa ya tsaya a kanta ko a gindinta da dare. In an samu ruwan ya sauka, a bar shi a ƙasa har injiniya ya zo ya tona wurin ya gani, ko da noman ranin wannan shekarar zai tafi.